Shafin da Na Tsallake a Jawabin Nura

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Nura. Jiya na ƙirga su da yatsu a kan teburin ofis, na sake ƙirgawa, domin a raina wani lokacin kamar biyu ne, wani lokacin kamar goma. Mutane kan ce zafin rashi yana lafawa da shekaru. Ni ban san ko nawa ya lafa ba, tunda ban ji shi sosai ba tun farko. Abin da na sani shi ne wani wuri a ƙirjina ya yi shiru ranar da aka binne shi, kamar ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta, kuma har yau jini bai koma wurin ba.

A makon nan ne kwamitinmu ke zaman tace jawaban da za a gabatar a taronmu na shekara, taron masu rubuta manhaja na nan Katsina da kewaye. Ni da Nura muka fara wannan aiki. Yanzu mu biyar ne a kwamitin, kuma ni kaɗai ne a cikinmu na taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Ga wanda bai san harkar ba, akwai manhajar da kamfani ke rufewa ya sayar, ba mai ganin cikinta. Akwai kuma wadda ake bari a buɗe, kowa ya duba yadda aka rubuta ta, wanda ya ga kuskure ya gyara, mai ƙari ya kawo, mai buƙata ya ɗauka kyauta. Ita muke kira buɗaɗɗiyar manhaja. Tamu ƙarama ce. Tana taimaka wa malaman makaranta su haɗa makin jarrabawa su fitar da katin kowane ɗalibi, ko da babu intanet. Nura ne ya fara ta, saboda ya gaji da ganin yayarshi, wadda malamar firamare ce, tana duƙe kan takardu duk ƙarshen zango har wuyanta ya ƙage. Daga baya mutane suka yi ta shigowa, kowa na taimakawa a lokacin da ya samu, ba mai biyan kowa.

Nura ɗan unguwar Gobarau ne, siriri, idanunshi da ɗan rawaya-rawaya, kullum da gorar ruwa a hannu. Da sikila aka haife shi. Mun saba da ciwon nashi har muka daina jin tsoronshi. Sai ya ɓace kwana huɗu ko biyar, ya dawo ya ƙara ramewa, ya zauna ya ce, “To, ina muka tsaya?”

Na fi shi iya rubuta manhaja. Ba fariya nake ba, shi ma yakan faɗa a gaban mutane. Amma shi ne ya san wanda matarshi ta haihu, da wanda kwamfutarshi ta lalace yake jin kunyar faɗa, da wadda ta yi sati uku ba ta ce uffan ba a zauren da muke tattaunawa ta waya. A lokacin ban ɗauki wannan a matsayin aiki ba. Na ɗauka halinshi ne kawai, kamar yadda wani ke son shayi da sukari da yawa.

Shirin taron shekarar da ya rasu muna yin shi ne a wani ɗaki da ke saman shagon buga takardu, kusa da Babbar Kasuwa, kowace Asabar bayan la’asar. Daga tagar ana ganin motocin hatsi suna sauke buhuna. Nura yakan rubuta kan kowane jawabi a ’yar takarda, ya baza su a kan tabarma, ya yi ta matsar da su kamar mai dara. Tambaya ɗaya yake yi wa kowane: wanda ya saurari wannan, me zai yi daban ranar Litinin? Jawabin da bai da amsa, komai girman mai shi, sai ya koma gefe. Ya dage a sa masu jawabin farko a rayuwarsu da safe, don kada su wuni cikin fargaba. Ya dage kowannensu a haɗa shi da wani tsohon hannu da zai saurare shi sau biyu kafin ranar. Wani fitaccen baƙo da na sha wahalar gayyatowa daga Abuja, Nura ya mayar da shi bayan azahar, ya ba wata baiwar Allah da ke fassara mana kalmomin manhajar zuwa Hausa buɗe taro. Mun yi musu a kan wannan, ya yi nasara, kamar yadda ya saba, ba tare da ɗaga murya ba.

Nashi jawabin kuwa ya sa mashi suna, “Mi ya sa mutane ke barin mu?” Wata biyu ya yi yana kiran duk wanda ya taɓa taimaka mana sannan ya yi shiru. Wasu aiki ne ya yi masu yawa, wasu aure, wasu rashin wuta. Amma akwai waɗanda magana ce ta kore su. Cikinsu akwai Malama Hadiza, kuma maganar tawa ce.

Malama Hadiza malamar lissafi ce a wata makaranta a Batagarawa. Ita ta lura cewa idan ɗalibai biyu suka sami maki ɗaya, manhajarmu takan ba ɗaya na ɗaya, ɗaya na biyu, bisa harafin farko na sunansu kawai. Yarinya mai suna Zulai ba za ta taɓa zuwa gaban Amina ba ko da makinsu ɗaya. Malamar ba ta tsaya ga ƙorafi ba. Ta yi watanni tana koyon rubutun manhaja da kanta a kwamfutar makaranta, sannan ta turo gyaranta. Gyaran bai yi kyau ba, da an karɓe shi da ya ɓata wani wurin. Ni ne mai dubawa. Ga abin da na rubuta mata a zaure, a gaban kowa, kalma da kalma: “Wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce. Wanda bai iya ba ya bar wa waɗanda suka iya.” Ta amsa da cewa, “To, na gode.” Ba ta sake magana ba. Bayan sati biyu na gyara matsalar da kaina, sunana ne ya hau kan gyaran.

Wata Asabar, saura sati biyu taro, da sauran suka sauka, Nura ya ce in tsaya.

“Kabiru, ina son in karanta saƙon nan naka a jawabina. Ba suna.”

“Ba suna? Wa ke zauren nan da bai san ni na rubuta ba?”

“Shi ya sa nike tambayar ka.”

“Aikin nata fa ba daidai ba ne.”

“Aikin ba daidai ba ne. Abin da ta gani daidai ne. Mu duka mun yi shekara uku muna kallon shi ba mu gani ba.”

Na ce so yake ya tozarta ni a gaban baƙi. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita a jarida ba. Ya bar ni na gama, ya sha ruwa, sannan ya ce, “To ga wata. Hau mashin ka je Batagarawa ka same ta. Ko rabin awa ba za ka yi a hanya ba. In ka je, na cire shafin.”

Na ce, “Bayan taro.”

Ya ɗan dube ni, ya ce, “Allah ya kai mu.” Muka sauko, ya nufi Gobarau, na nufi gida. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar Talata ciwon ya tashi aka kai shi asibiti. Da na ji, na ce zan leƙa ranar Alhamis, lokacin ya fara dawowa hayyacinshi, ni kuma fushina ya huce. Ranar Laraba da hantsi ya cika.

An yi mashi salla bayan la’asar. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Abin da nake tunawa shi ne rashin nauyinta, da kuma takalmin mutumin da ke gabana, wanda igiyarshi ɗaya ta tsinke yana jan shi. Duk hanya shi nake kallo. Da muka dawo daga maƙabarta mutane suna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai na ga kaina na ciro waya ina tura wa mai ɗakin taro saƙo cewa kujerun da ya ce zai ƙaro kada ya manta. Na tura, na mayar da wayar aljihu, na amsa “amin” tare da kowa. Na jira kukan ya zo ranar uku, na jira ranar bakwai. Bai zo ba.

A cikin kwanakin nan ne muka gano wani abu. Duk kalmomin sirri da ake shiga da su a sarrafa manhajar da shafinta na intanet, Nura ya riga ya raba su ga mutum uku tun watanni kafin nan, ya koya wa kowa nashi ɓangaren. Na tuna lokacin da yake yin haka, har na ce mashi lalaci ne ya fara kama shi. Dariya kawai ya yi. Ko kwana ɗaya aikin bai tsaya ba. Ranar da aka yi sadakar uku, wata makaranta a can wajen gari ta fitar da katunan ɗalibanta da manhajar lafiya lau, ba su ma san an yi rasuwa ba.

Kwamiti ya yanke cewa za a yi taron, kuma ni zan karanta jawabinshi. Yayarshi ta kawo mani littafin da ya rubuta shi a ciki, shafi goma sha huɗu da rubutun hannu. Ban buɗe ba sai da na tsaya a gaban jama’a. Na karanta kamar mai karanta sanarwa. Ya yi magana a kan gaisuwa kafin gyara, da gode wa mai kawo ƙorafi kamar yadda ake gode wa mai kawo aiki, da haɗarin barin mutum ɗaya ya riƙe komai. Mutane suna share ido. Da na juya zuwa shafi na tara, sai na ga kalmomina a samanshi, da hannun Nura. Ban yi tunani ba, ban yi gardama da zuciyata ba. Yatsana ne kawai ya kama shafin ya haɗa da na goma ya juya. Ba wanda ya lura. Aka yi addu’a, aka tashi.

A bakin ƙofa wata mata mai farin gilashi da hijabi ruwan toka ta tsaya tana jira na. Ban taɓa ganin ta ba, sunanta kawai na sani a waya. Ta gaishe ni, ta yi mani ta’aziyya, ta ce ita ce Hadiza daga Batagarawa.

“Malam Nura ne ya ce in zo,” in ji ta. “Ya ce akwai wata magana da za a yi yau da ya kamata in ji. Ko na makara ne?”

Na ce, “Lokaci ne ya ƙure, Malama. An rage wasu wurare.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce Allah ya jiƙan shi, ta tafi neman abin hawa.

Sai bayan wata bakwai na karanta shafin nan har ƙasa. Ina neman wata takarda ce a durowa littafin ya faɗo. A ƙarƙashin saƙona ga abin da ya rubuta: “Wanda ya rubuta wannan abokina ne, kuma ya fi mu duka iya aiki. Ban kawo maganar don a zarge shi ba. Na kawo ta don ni ma ina zauren ranar. Na karanta, na ga amsarta, na yi shiru don kada in ɓata da shi. Mu sittin da wani abu muka karanta. Shi ya rubuta, mu muka bar ta ta tafi. Malama, ki yafe mani.”

Ashe ba tuhumata na tsallake ba. Roƙon gafarar mamaci na hana ya isa ga mai shi, alhali tana zaune a cikin ɗakin taron. Na rufe littafin, na mayar durowa, na ci gaba da neman takardar da nake nema. Na same ta ma.

Shekara biyu suka wuce kafin in je Batagarawa. Ba ni da wani dalili da zan bayar na wannan jinkiri. Ba tsoro ba ne, ba girman kai ba ne irin na da. Kowane mako nakan ce mai zuwa. Ranar da na je ma ba wani abu ne ya faru ba, na fito ne zan sayi man mashin sai na wuce. Na same ta a ofishin malamai lokacin hutun tara. Na miƙa mata littafin a buɗe a shafi na tara, na gaya mata abin da na yi a taron. Ta cire gilashi ta goge, ta karanta sau biyu.

“Shi ai bai yi mani komai ba,” ta ce. “Shi kaɗai ne ya kira ni.”

Na ce nawa laifin fa.

“Na yafe tun ranar, Malam Kabir. Ba na kwana da mutum a raina.”

Na ce to ta dawo, muna buƙatar irin idonta.

Ta ɗan yi murmushi. “A’a. Yafiya daban, komawa daban. Wata huɗu na yi ina koyon abin nan, ina jin daɗin shi kamar yarinya. Tun ranar ban sake jin daɗin ba. Na gwada.” Aka kaɗa ƙararrawa, ta ɗauki alli ta ce tana da aji. Har yau makarantarsu da manhajarmu take aiki, ita kuma ba ta dawo ba. Kafin in rubuta wannan na kira ta na nemi izni. Ta ce in rubuta, amma kada in ƙara mata abin da ba ta faɗa ba.

Bana takardun neman gabatar da jawabi sun yi yawa, kuma mafi yawansu a kan ƙirƙirarriyar basira suke, wato na’urar nan da ake tambaya ta amsa, a ce ta rubuta manhaja ta rubuta. Wasu takardun da gani ka san ita ta rubuta su, sumul, ba kuskure ko ɗaya, ba kuma mutum a ciki. Zaurenmu ya yi tsit. Sabon shiga ba ya tambayar kowa, na’ura yake tambaya, ita kuwa ba ta gajiya, ba ta gatse, ba ta kunyata kowa a gaban jama’a. Da a yau Malama Hadiza ta fara koyo, da ba ta gamu da ni ba. Da kuma ba ta gamu da Nura ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan. Ba na son sa wa mamaci magana a baki, don na sha yin haka. A shekarun farko, duk lokacin da nake son ra’ayina ya wuce a kwamiti sai in ce da Nura na nan haka zai so, kowa ya yi shiru. Na daina da na lura kullum ra’ayinshi yana zuwa daidai da nawa, abin da bai taɓa faruwa ba yana raye. Mai yiwuwa ya so na’urar, don yana son duk abin da ke rage wa mai koyo kunya. Mai yiwuwa shirun zauren ya dame shi. Iyakar abin da zan iya rantsewa a kai shi ne zai ɗauki waya ya fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Na gwada yin hakan sau biyu ko uku. Ban iya ba. Duk wanda na kira sai ya ce, “Lafiya dai, Malam? Wani abu na ɓata?”

A watan jiya na duba tarihin manhajar, inda ake ganin wanda ya rubuta kowane layi. Na Nura da suka rage ba su da yawa. An sake rubuta kusan komai, kuma yawanci ni na sake. Ɗakin saman shagon ya zama wurin ajiye kwalaye, taron Asabar ya koma ta waya. Abin da ya rage nashi ba ya ɗauke da sunanshi. Duk wanda ya turo aikinshi na farko, mutum biyu ne ke dubawa, ba ɗaya ba, kuma ba a ce mashi a’a a gaban jama’a, sai an kira shi. Wata sabuwar ’yar kwamiti ta ce mani tana son wannan ƙa’ida, ta tambaya ko daga ƙungiyoyin Turai muka kwafo. Na ce a’a, a nan aka yi ta.

Jiya bayan azahar na je Gobarau gaida mahaifiyarshi, kamar yadda nake yi duk shekara. Hajiya ta tsufa, ido ya rage, amma ta gane sallamata. Bayan mun gama gaisawa ta ce, “Kabiru, mutanen nan nashi, ba ku dai watse ba?”

Na ce, “Ba mu watse ba, Hajiya. Wasu sun tafi, wasu sun shigo.”

“To, madalla.” Ta ja casbi, sannan ta nuna wani ɗaki da ke kusa da rijiya. “Yana ƙarami, in ciwon ya kwantar da shi a can, ba ya yarda a kori yara daga tsakar gida. In na ce su tafi waje su bar shi ya huta, sai ya ce a’a, Inna, bar su. Ba ya iya tashi, ba ya ma ganin su daga inda yake kwance. Shi dai ya ji ana wasa.”

Na dubi ɗakin. An sa mashi sabon labule, wani jikanta ne ke kwana ciki yanzu. Na ɗan ƙara zama, muka yi mashi addu’a, Allah ya jiƙan Nura, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya haskaka makwancinshi. Daga nan na yi mata sallama na fito, don ƙarfe huɗu kwamiti zai zauna, kuma akwai wani da zai hau mumbari karo na farko a rayuwarshi da har yanzu ba a samo wanda zai saurare shi ba. Da muka zauna, na ce su rubuta sunana.